Shekarata 28, Har Yau Ban San Inda Zan Kira Gida Ba

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina gaishe ki, ke da abokan aikinki da duk masu sauraron wannan fili. Don Allah a sakaya sunana da na unguwarmu, domin Baffana ba ya bari shirinki ya wuce shi, rediyonsa a kunne yake a shago duk ranar da kike gabatarwa. Na san ko ba a ambaci suna ba, zai iya gane ni ne. Idan ya gane ma shi ke nan, ƙila ta bakinki ya ji abin da ni na kasa faɗa masa cikin ladabi.

Yau kwana shida ke nan ban taka shago ba, kuma ba a gida nake kwana ba, ina raɓe a ɗakin wani abokina. Abinci ma sai na tilasta wa kaina. Shekara uku ina neman wata yarinya da aure, Hajiya, shekara uku. Mahaifiyarta ta san ni, ƙannenta yaya suke ce mini. Da aka ce in turo manya, Baffa ya tafi da wani amininsa, aka karɓe su hannu bibbiyu, aka ce a ba su mako biyu su yi bincike. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, sai ga wan mahaifinta, wanda shi ne waliyyinta, ya zo shagonmu a Kantin Kwari. Ina can ciki ina lissafa turamen atamfa, ba su san ina jin su ba. Ya ce sun bincika, ba a same ni da shaye-shaye ko wani mugun hali ba, amma ba su san dangin uwata ba, kuma ba ni da tsayayyiyar sana'a, don haka a yi haƙuri.

Wallahi wannan bai ƙona mini rai kamar amsar Baffa ba. Na zaci zai ce yaron nan ɗana ne, jinina ne, ni na raine shi. Sai na ji ya ce: "Alhaji, ban ga laifinku ba. Ni da na riƙe shi shekara goma sha biyar ma ban gane inda ya sa gaba ba. Ɗan'uwana ya tafi kurmi ya kwaso mana abin da ya kwaso. Ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Har da 'yar dariya suka yi. Abin da ya kwaso. Ni ke nan, da mahaifiyata.

Bari in koma baya don ki fahimta. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, mutumin cikin birnin Kano ne, kakanninsa a nan aka binne su. Tun yana saurayi ya tafi Legas fataucin goro, ya zauna a Agege. Duk wanda ya san Agege ya san ba jiya Hausawa suka sauka can ba, goro ne ya kai su tun zamanin Turawa, akwai sarkin Hausawa, akwai masallatai da makarantun allo, akwai iyalan da sun yi jikoki da tattaɓa-kunne ba su taɓa ganin Arewa ba. Mahaifina yakan je Shagamu ya sayi goro, a ɗaure huhu-huhu, a loda a mota zuwa kasuwar Mariri, a nan Baffa yake karɓa ya sayar. Wannan Baffan da yau yake da shago biyu a Kwari, da kuɗin goron nan ya fara, kowa a danginmu ya sani, sai dai ba mai faɗa. A can Agege mahaifina ya auri mahaifiyata, Bayarbiya ce 'yar asalin Abekuta, Musulma gaba da baya, mahaifinta ladani ne har ya rasu. Ina faɗar wannan ne saboda yadda wasu a gidanmu suke magana kai ka ce daga coci aka ɗauko ta. Ban taɓa ganin ta bar sallar dare ba. An haife ni a 1997. Yarbanci na fara ji a bakin uwa, Hausa a bakin uba da makarantar allo.

A 2010 mahaifina ya rasu bayan gajeruwar jinya. Ina shekara goma sha uku. Bayan sadakar arba'in Baffa ya zo ya ce ɗa namiji na dangin uba ne, ba zai bar ni in lalace a Legas ba. Mahaifiyata ta yi kuka har ta gaji, amma ba ta hana ba. Har yau ban sani ba ko in gode mata ko in yi mata fushi a kan wannan. Ranar da na sauka Kano, da na shiga gaida kakata, sai na kwanta rub da ciki kamar yadda aka koya mini gaida manya a can. Gidan duka ya ɗauki dariya. Shekara da shekaru 'ya'yan Baffa suna kwaikwayon wannan gaisuwar. Hausata ma abin dariya ce a wurinsu, ina ce wa mace "ya zo", namiji "ta zo", ban san bambancin ƙ da k ba. A makaranta sunana ya koma Bayarabe, wasu su ce ɗan kurmi. Na dage na gyara harshena har ya zama yau idan ina magana ba wanda zai ce ba a Kano aka yanke cibiyata ba. Na daina amsa sunan Yarbancin da mahaifiyata take kira na da shi. Idan ta bugo waya ina cikin mutane sai in tashi in koma gefe don kada a ji ni ina Yarbanci. Wannan abu yana ci mini rai yanzu, na ji kunyar uwata don in burge mutanen da har yau ba su karɓe ni ba.

Kuma abin da ya fi ba ni takaici, wannan Yarbancin da ake yi mini gori da shi, shi ne yake kawo wa Baffa ciniki. Matan Legas da Ibadan da Ilori da suke zuwa sarin atamfa da leshi, shagonmu suke nufa saboda ni. Ni nake yi musu tafinta, ni nake yi musu ciniki, ni nake raka kayansu tasha, ni suke bugo wa waya su yi oda. Idan sun shigo har Baffa yakan ce, "Kira ɗan naku." Ranar ciniki ni ɗansu ne kuma ana murna da hakan, ranar neman aure kuma na zama abin da aka kwaso. Shekara nawa ina tsaye a shagon nan duk hutu da duk yajin aiki, ban taɓa sanin albashi ba, sai dai kuɗin mota da na abincin rana, da ɗinkin sallah. Babban ɗansa da na girme shi da shekara biyu an buɗe masa shago, an yi masa aure bara, matarsa har ta haihu.

Na manta ban faɗa miki maganar karatu ba, kuma ita ce rabin damuwar. Ni tun ina yaro hannuna yana son gyare-gyare, rediyo, fanka, waya, duk abin da ya lalace a gida ni ake miƙa wa. Injiniyan lantarki na so in karanta. Sau biyu ina zana jarrabawar shiga jami'a, makina bai kai ba, a karo na biyun aka ba ni fannin nazarin halayyar jama'a. Na ce zan haƙura in tafi kwalejin kimiyya da fasaha in yi difloma a lantarki, Baffa ya ce shi digiri yake so a gidansa, ko na mene ne. Na shiga a 2017, karatun shekara huɗu. Malamai suka tafi yajin aiki daga Nuwamban 2018 zuwa Fabrairun 2019. A 2020 ga korona ga wani yajin aikin na wata tara, shekarar ta tafi a banza. A 2022 kuma daga Fabrairu har Oktoba muna gida. Sai ƙarshen 2023 na fito, da sakamako mai rauni, a fannin da ko sau ɗaya ban taɓa jin yana raina ba. Ba na ce ba ni da laifi ko kaɗan, akwai zangon da na yi sakaci, amma wa zai yi karatu da zuciya ɗaya alhali da safe yana aji da yamma yana sauke dila?

Da aka tura ni bautar ƙasa jihar Oyo a 2024, murna na yi a ɓoye. Na ce to yau zan koma cikin dangin uwa. A sansanin Iseyin da na buɗe baki na yi Yarbanci, mutane suka kewaye ni suna mamaki, ana ta kiran wasu su zo su ji "aboki" yana Yarbanci. Aboki. Kalmar da a wurinmu nan take nufin amini, can kuma kin san yadda ake faɗar ta. A makarantar da na koyar, shugabar tana so na ƙwarai, amma duk lokacin da aka yi labarin masu garkuwa da mutane ko rikicin makiyaya sai a juyo a kalle ni, a ce "mutanenku". Na je Agege wurin mahaifiyata sau huɗu a shekarar. 'Yan'uwanta sun yi mini karamci, ba zan yi musu ƙarya ba, amma kamar baƙo, ana tambayata ko ina iya cin amala, ni da aka yaye da ita. Yarbancina ma ashe ya tsaya a na ɗan shekara goma sha uku, idan manya suka shiga karin magana sai in ɓace. Ƙannena mata biyu da aka bari a wurinta sun zama Yarbawa sak, ƙaramar ko gaisuwar Hausa ba ta iya ba. Hausawan Agege kuma, abokan mahaifina da suka rage, Bakano suke ce mini. To ina ne nawa? A takardar shaidar ƙaramar hukuma ni ɗan Kano ne, a takardar haihuwa ɗan Legas, kuma duk inda na miƙa su biyun sai an ɗaga kai an sake kallona.

Ko a wajen ibada haka nake. Mahaifina ɗan Tijjaniyya ne, da wazifa na tashi. Abokaina na jami'a duk 'yan Izala ne, na bi su shekaru, har na taɓa yi wa mahaifiyata magana mai zafi a kan taron addu'ar da suke yi wa mamaci. Yanzu ina sallata, amma idan aka tambaye ni ni wane ne a ciki ba ni da amsa. Ba shakka nake yi a kan addinina ba, Allah ya tsare, a'a, kawai na lura duk abin da nake yi tun ina yaro, ina yin sa ne don waɗanda nake tare da su su ce ni nasu ne. Idan na zauna ni kaɗai na tambayi kaina me nake so, sai in ji wayam.

Akwai wata magana da ya kamata in faɗa, don na san idan Baffa ne yake ba da labarin da ita zai fara. Da na gama bautar ƙasa, ya ba ni naira dubu ɗari biyar ya ce in fara sayar da kayan waya, caja da gilashi da makamantansu, in riƙa sarowa a kasuwar waya ta Farm Centre. Na haɗa da ɗan abin da na tara, don watannin ƙarshe an ƙara mana alawus daga dubu 33 zuwa dubu 77. Amma Hajiya, ke ma kin san tun da aka cire tallafin mai a 2023 dubu ɗari biyar ba jari ba ce, ko kuɗin hayar teburi da kaya kaɗan ba za ta ishe ka ba. Wani abokina ya nuna mini harkar kirifto, wato cinikin kuɗin intanet, a wayarsa, na ga da idona abin da ya samu. Na ce bari in juya dubu ɗari uku na wata biyu, in ta ƙaru sai in kama shago sosai in kuma rage kayan lefe. Cikin mako uku kuɗin suka narke. Ban faɗa masa ba sai da ya gano da kansa. Na san kuskure ne, na yi nadama, amma ba caca na yi ba, ba mata na kai wa ba, ba shaye-shaye na yi da su ba. Kuma in ana maganar gaskiya, kuɗin wa ne? Kason mahaifina na gidan gado da aka sayar a cikin gari, har yau ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da ya kama, ga na uwarku, ga na 'yan'uwanka mata, ga naka. Duk lokacin da aka taɓo zancen sai Baffa ya ce ai a karatuna da cina da shana suka tafi. Ko takarda ɗaya ban gani ba.

Wannan ce maganar da na faɗa masa ranar Juma'ar, bayan baƙon ya tafi. Na fito jikina yana rawa, na ce Baffa na ji duk abin da ka ce. Na ce a ba ni gadon ubana in san inda dare ya yi mini. Na ɗaga murya a gaban yaran shago da maƙwabta, har na ce da kuɗin goron ubana aka kafa shagon nan. Bai ce mini komai ba, sai ya kalle ni ya ce, "Ka gama?" Ya ɗauki buta ya fita. Da dare matarsa, wadda ita ce ta raine ni kuma ban taɓa ganin sharrinta ba, ta bugo tana kuka, ta ce hawan jininsa ya tashi, in zo in ba shi haƙuri. Ban je ba. Ba wai ba na tausayinsa ba ne. Shi ya kai ni asibiti ya kwana a kaina lokacin da na yi taifot, ban manta ba. Amma mutumin da zai zauna a gaban bare ya kira ni abin da aka kwaso, anya ya taɓa ɗaukata ɗa? Ko dai yaron shago ne da ba a biya?

Ita yarinyar ta turo mini saƙo sau biyu, ta ce ita ba ta canja ba, in nemo manyan da za su sake komawa, ta ce babbar matsalar sana'a ce ba asali ba, wai mahaifinta ya ce da ina da abin yi da sauran duk mai sauƙi ne. Ban ba ta amsa ba. Me zan ce mata? Wane babba gare ni in ba Baffa ba? Kuma na fara tambayar kaina ko son ta nake yi tsakani da Allah, ko kuwa so nake in auri 'yar cikin gari don a daina tambayar asalina. Wannan tunanin ya fi komai tsorata ni, don yarinyar ba ta cancanci haka ba.

Kwanakin nan ba abin da nake yi sai kwanciya. In yi asuba in koma barci har azahar. In buɗe waya in ga sa'o'ina, wannan ya sa hoton ɗaurin aure, wannan suna, wannan ya samu aiki a Abuja, wannan yana Saudiyya. Guraben aikin da ake tallatawa da yawa sai ka ga an sa iyakar shekaru, na wuce wasu, saura kaɗan in wuce sauran. Ji nake kamar an ɗaure ni a turke tun 2010, kowa yana wucewa. Wani lokaci ƙirjina ya yi nauyi har numfashi ya yi mini wuya. Ba na tunanin illata kaina, kada ki damu da wannan, amma na gaji ƙwarai.

Yanzu hanya uku ce a gabana. Mahaifiyata ta ce in tattaro in dawo, ƙaninta yana da shagon gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja, zai koya mini aikin, kuma gyara dama shi ne abin da hannuna yake so. Amma ina shekara 28 in koma ɗan koyo a ƙarƙashin yaran da na girma, a garin da za a riƙa ce mini aboki? Kuma in na tafi, ai na tabbatar da maganar Baffa ke nan, za a ce dama jinin can ne, ya koma inda ya fito. Abokin da nake kwana a ɗakinsa kuma yana shirin tafiya Aljeriya ta Agadas da Arlit, ya ce akwai aikin gini a Tamanrasset, mu tafi tare bayan sallah. Na san ana kamo mutane a zubar da su a sahara kusa da Asamaka, kan iyakar Nijar da Aljeriya, na ga waɗanda suka dawo ba ko takalmi, amma wani lokaci sai in ji gara inda ba wanda ya san ni balle ya tambayi wace ce uwata. Ta ukun ita ce in je in durƙusa wa Baffa, in koma shago, in ci gaba da yi wa matan Ibadan tafinta har ranar da ya ga dama ya sallame ni.

Ban ma san takamaimai me nake tambayarki ba. Da na fara rubutun nan niyyata in tambaye ki yadda zan nemi gadonmu ba tare da an kai ga kotu ba, da ko ya dace in sami wani malami ko mai unguwa ya shiga tsakani. Har yanzu ina son amsar wannan, musamman saboda ƙannena mata da mahaifiyata da ba su ga ko sisi ba. Amma ki faɗa mini gaskiya, Hajiya, ko da za ta yi mini ɗaci: idan na je na ba shi haƙuri saboda rashin lafiyarsa, shin na yarda ke nan da abin da ya kira ni? Kuma ita mahaifiyata ban gaya mata ainihin kalmar da ya faɗa ba, ce mata kawai na yi mun sami saɓani a kan kuɗi. Jiya ta sake bugowa tana tambaya ko an sa rana, don ta fara tara kuɗin ankon da danginta za su sa su zo Kano. In faɗa mata, ko in bar ta?

Naki,
Wani mai sauraro daga Kano